Makonni huɗu a wata cibiyar horar da ɗalibai gasar mutum-mutumi a Katsina

A dogon hutun da ya gabata na kai ɗalibaina shida, maza huɗu da mata biyu, wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke kan hanyar Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, inda suka yi makonni huɗu ana horar da su kan gasar mutum-mutumi. Tun ranar da aka rufe horon iyayen yara da malaman wasu makarantu ke tambayata ko abin ya ci kuɗinsa, ganin cewa abin da aka biya wa kowane ɗalibi ya kusa kai kuɗin zango guda a makarantar kuɗi mai matsakaicin tsada. Ni malamin fiziks ne, na zauna a mafi yawan darussan, na kuma kalli gasar gwajin da aka yi ranar rufewa tun daga wasan farko har zuwa rabon kyauta, saboda haka ni ganau ne a wannan magana. Na sakaya sunan cibiyar domin akwai wuraren da zan kushe, kuma masu ita sun riga sun ji ƙorafin daga bakina.

Kalmar mutum-mutumi takan ruɗi iyaye, domin suna zuwa da tsammanin ganin wani abu mai kai da hannuwa. Abin da yaran ke haɗawa ya fi kama da ƙaramin amalanke na ƙarfe mai tayoyi da baki na ɗaukar kaya, kuma a tsarin VEX V5, wanda shi cibiyar ke koyarwa, dole ne kafin a fara wasa na'urar ta shiga cikin awon inci 18 a tsawo da faɗi da tsayi. Filin wasan murabba'i ne mai ƙafa 12 a kowane gefe, an shimfiɗa masa fallayen soso 36, kowanne ƙafa 2. Na'urori huɗu ke shiga kowane wasa, biyu a ɓangaren ja, biyu a ɓangaren shuɗi. Sakan 15 na farko na'ura ce ke tuƙa kanta bisa umarnin da ɗalibai suka rubuta mata a kwamfuta, sannan direbobi su karɓa da rimot na tsawon minti 1 da sakan 45. Kowace shekara ana sauya wasan da dokokinsa, kuma daga 2022 zuwa 2025 a birnin Dalas na jihar Teksas a Amurka aka riƙa yin gasar duniya. Cibiyar tana amfani da kayan wasan kakar 2024 zuwa 2025, wanda aka sa wa suna High Stakes, kuma a ganina sun yi dace da shi, domin da wuya a sami wasan da ya fi shi tilasta wa yaro tunanin tsaro.

A wannan wasa ana zura zobba ne a kan sanduna. Akwai zobba 48, rabi ja rabi shuɗi, akwai sanduna 5 masu gindi waɗanda na'ura za ta iya ɗauka ta yi yawo da su, akwai wasu a jikin bango, sannan akwai tsani a tsakiyar fili. Zobe ɗaya maki 1 ne, amma wanda ya zauna a can saman sanda maki 3 yake bayarwa. Sanda mai gindi tana cin zobba 6, wato idan ɓangare ɗaya ya cika ta da launinsa ya sami maki 8. Inda gizo ke saƙar shi ne kusurwoyin filin, domin biyu daga cikinsu na ninki ne, biyu kuma na ragi. Sandar nan mai maki 8, idan an ajiye ta a kusurwar ninki ta zama 16, idan kuwa abokin hamayya ya ƙwace ta ya kai ta kusurwar ragi, makin ya ɓace, sannan a zabtare wasu 8 daga sauran zobban da aka ci. Tazarar maki 24 ke nan a kan sanda guda, a wasan da tukuicin cin zangon tuƙa-kai, wato sakan 15 ɗin nan na farko, gaba ɗayansa maki 6 ne.

Babban mai horarwa, wani matashin injiniya mai ƙarancin magana, da wannan lissafi ya buɗe horon, kuma kwana uku cur bai bar kowa ya taɓa sukudireba ba. Yaran sun yi ta gunaguni, ni ma a raina na ɗan zargi cewa ana cinye mana kwanaki ne domin kayan aiki ba su isa ba. Abin da ya yi shi ne ya raba musu shafukan littafin dokoki, ya zana filin a allo, ya riƙa jefo musu yanayi iri-iri: saura sakan 40, kuna gaba da maki 10, abokan hamayya na riƙe da cikakkiyar sanda suna nufin kusurwar ninki, abokin ƙawancenku batirinsa ya yi sanyi, me za ku yi, kuma wace doka ce ta ba ku dama? Duk wanda ya ba da amsa sai ya nuna layin da ya dogara da shi. Da na yi masa maganar jinkirin, cewa ya yi: “Malam, haɗa ƙarfe a sati ɗaya za su iya. Yaron da bai san inda maki yake ba, ko wace irin na'ura ka ba shi, wahala kawai zai yi a fili.” Daga baya na gane cewa waɗannan kwanaki uku su ne mafi daraja a cikin abin da muka biya, kuma da a ce ni ke tsara jadawalin da na mayar da su biyar.

Tsaro a wannan gasa halal ne, kuma littafin dokokin da kansa ya gargaɗi ɗalibai cewa su shirya haɗuwa da shi. Wanda ya taɓa kallon dambe ya san ɗan dambe yana shiga fage da hannu biyu masu aiki daban, wanda aka naɗe shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, kuma ba a taɓa jin an zargi ɗan dambe don ya kare fuskarsa ba. Haka ake tare wa abokin hamayya hanya, a ture shi daga inda yake son saitawa, a riga shi zama a kusurwa, a kwashe zobban da yake hari. Abin da doka ta sa wa iyaka shi ne riƙo, kuma ta kasa shi gida uku: danne na'urar wani a jikin bango ko wani abu na fili har ta kasa motsi, ritsa ta a wuri ƙanƙane kamar faɗin fallen soso ɗaya ba tare da mafita ba, da kuma ɗaga ta ko karkata ta har tayoyinta su bar ƙasa. A dokokin wannan kaka, alƙali zai ƙirga har 5, kuma kafin ya wuce nan dole mai riƙo ya ja da baya kimanin ƙafa 2, ya kuma dakata na wani ƙirgen 5 kafin ya sake riƙe wannan na'urar, in ba haka ba a ci gaba da ƙirge daga inda aka tsaya. Akwai wani ɗan sharaɗi da mutane da yawa ke mantawa, wato idan wanda aka riƙe ba ya ƙoƙarin kuɓuta, ba a lissafa shi a matsayin wanda aka danne.

Yadda cibiyar ta koyar da wannan ya burge ni ƙwarai. Kowace rana akwai rabin awa da ba a zura zobe ko ɗaya, sai atisayen riƙo kawai: na'ura biyu a fili, ɗalibi na uku a tsaye yana ƙirge da babbar murya yana sara hannu kamar alƙali, direba kuma ya koyi sakin abokin karawa a kan 3 ko 4 ba tare da ya jira 5 ba. Ana juya matsayi, ta yadda kowane yaro sai da ya zama mai riƙo, ya zama wanda aka riƙe, ya kuma zama mai ƙirge. Wanda ya ɗanɗani ƙirge ya san cewa idon mutum ba agogo ba ne, don haka ba ya saurin cewa an zalunce shi ranar da ƙirgen ya faɗa kansa.

A nan ne kuma darasin ya shigo gonata, har na ari wasu misalai na koma da su aji. Dokar wannan kaka ta taƙaita jimillar ƙarfin injinan da ke jikin na'ura zuwa wat 88, wato injina 8 masu wat 11 idan manya aka zaɓa. Ƙungiyar da ta zuba 6 a tayoyi domin ta iya ture kowa, wat 22 kacal ya rage mata na ɗaukar zobe da zura shi. Haka batun giya: wanda ya zaɓi gudu ya rasa ƙarfin turi, wanda ya zaɓi turi kuma sai a riga shi isa kusurwa. Akwai wata irin taya da aka jera wa ƙananan tayoyi a kewayenta, tana sa juyawa ta yi sauƙi, amma idan na'ura ta tsaya a kan irinta kaɗai, da an taɓa ta daga gefe sai ta zame kamar tire a kan tebur mai maiƙo. Maganin da aka nuna musu shi ne sanya tayar roba mai kamun ƙasa a tsakiya. An kuma nuna musu amfanin saukar da batir da sauran kaya masu nauyi can ƙasa, domin doguwar na'ura mai nauyi a sama ita ke fara kifewa idan an yi karo. Injinan kuma idan suka yi zafi sukan rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone, kuma a ɗakin bene mai rufin kwano, ko da a watan Agusta ne da damina ta sassauta zafin Katsina, direban da ya kwashe minti guda yana turereniya yakan ƙarasa wasa da na'ura mai jan ciki.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma mai horarwar ya nanata shi har yaran suka haddace, shi ne cewa an tsara dokokin ne ta yadda tsaro zai kasance da tsada. Duk sakan ɗin da na'ura ta ɓata tana tare wani, ba ta zura zobe ba. Idan aka yi cakuɗewar da alƙali ya rasa gane mai laifi, doka ta ce a kyautata zato ga wanda ke ƙoƙarin cin maki, nauyin shakka ya hau kan mai tsaro. Ba a kuma yarda a tura abokin hamayya cikin laifi da gangan domin a jawo masa hukunci ba. Har a jadawalin matsayi akwai wannan hikima. A zagayen share fage, nasara na ba da maki 2, kunnen doki 1, da ƙarin 1 ga ɓangaren da ya cika wasu ayyuka a zangon tuƙa-kai. Idan ƙungiyoyi suka yi daidai, ana duba abin da suka tara a zangon tuƙa-kai, idan nan ma sun yi daidai sai a koma ga wani ma'auni da ake ɗaukowa daga makin ɓangaren da ya sha kaye a kowane wasa. Ma'ana, ƙungiyar da ta saba murƙushe abokan hamayyarta har su tashi da sifiri tana rage wa kanta abin da za a raba gardama da shi. Ya kawo musu misalin wasan Spin Up na kakar 2022 zuwa 2023, inda faifan da ya shiga kwandon sama ke ba da maki 5, amma wanda ya kuskure ya faɗo ƙasa yakan sauka a yankin da ke bai wa abokan hamayya maki 1, domin su ga cewa kowace shekara masu tsara wasa na ɓoye irin wannan tarko, kuma sai mai karatun doka ke ganinsa.

Ba dukan ma'aikatan cibiyar ne suka kai wannan matsayi ba. Akwai wani mataimaki da aka bar wa yaran a ranakun da babban ba ya nan, wanda ya ɗauki filin tamkar fagen karon raguna. Na ji shi da kunnena yana zuga wani yaro ya taho da gudu daga ƙarshen fili ya daki na'urar da ke ɗauke da sanda, yaran na ihu suna tafi. A rana ta biyu da yin haka aka lanƙwasa bakin ɗaukar zobe na ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu, muka yi asarar yini guda wajen gyara. Dokar gasar ta fito fili ta haramta dabarar da manufarta kawai lalata na'urar wani ce, ko kifar da ita, ko sarƙe ta, kuma yaron da ya saba da wannan a horo zai je gasar gaske a soke masa wasa. Da na kai ƙara an ja masa kunne, abin bai sake faruwa ba, amma bai kamata a ce sai baƙo ya lura ba. Cibiyar da ke karɓar irin wannan kuɗi ya wajaba ta tabbatar duk wanda za ta tsayar a gaban yara ya karanta littafin da ake koyarwa.

Ranar rufewa an yi gasar gwaji da ƙungiyoyi shida, kowacce ɗalibai uku, an kuma bi tsarin gaske gwargwadon hali: an auna kowace na'ura kafin ta shiga, an yi ƙuri'ar ƙawance a zagayen share fage, babban mai horarwa ya zama alƙali. A wasa na biyar abin da ya sa na rubuta wannan sharhi ya faru. Direbarmu, ɗaliba ’yar aji biyu na babbar sakandare, ta tare wata na'urar shuɗi da ke ɗauke da cikakkiyar sanda, ta danne ta a jikin bango dab da kusurwar ninki, abokin ƙawancenta kuma ya yi amfani da wannan dama ya shigar da tasu sandar, kuma da ma sanda ɗaya tak ake lissafawa a kowace kusurwa. Alƙali ya ƙirga, ya kai 5, ya wuce, sannan ta saki. An tashi muna gaba da maki 6. Bayan ya duba fili, alƙali ya bayyana cewa laifin ya shafi sakamakon wasa, domin da an saki shuɗi a kan lokaci da sun riga shiga kusurwar sun ƙara maki 8, saboda haka ya soke wa ƙungiyarmu wasan, ta tashi ba ko maki ɗaya a jadawali.

A nan ni ne na yi abin kunya. Na ɗauki wasan a waya, kuma a ganina ba ta wuce ƙa'ida ba, sai na tsallaka igiya na nufi alƙali da wayar a hannu. Cikin ladabi ya tare ni da cewa: “Malam, don Allah a mayar da wayar aljihu. Doka ba ta ba ni ikon duba bidiyo ba, kuma ƙorafi na ɗaliban da suka tsaya a fili ne, ba na malaminsu ba.” Gaskiyarsa ne, haka dokar take, kuma ina zaune aka karanta ta a makon farko. Na koma mazaunina. Yarinyar ce ta tsaya a wurinta ta ɗaga hannu, ta ce: “Malam, lokacin da na fara taɓa shi ba ya ƙoƙarin fita, yana gyara riƙon sandarsa ne, kuma doka ta ce ba a ƙirga wannan.” Ya amsa mata cewa ya lura da haka, kuma bai fara ƙirge ba sai da ya ga tayoyin shuɗi na juyawa suna neman hanya. Ta yi shiru kaɗan, ta ce ta gamsu, ta je ta taya direban shuɗi murna. Hujjarta ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ita da layin doka ta zo, ni kuwa da zafin rai. Duk mai tambayata abin da kuɗin horon ya saya, wannan muhawara ta rabin minti nake ba shi labari.

Batun kyakkyawar mu'amala a fili yana da tarihi a wannan fage, kuma cibiyar ta ware masa darasi guda. Ƙungiyar FIRST, mai shirya wata gasar mutum-mutumi daban a Amurka, wadda Dean Kamen ya kafa a 1989, ta yi gasarta ta farko a 1992 da ƙungiyoyi 28 a jihar Niyu Hamsha, kuma Woodie Flowers, farfesan injiniyanci a jami'ar MIT wanda ya rasu a 2019, shi ya shimfiɗa mata aƙidar da za a iya kira ƙwarewa cikin karamci, wato a fafata iyakar ƙarfi amma a yi abin da ko kakar mutum na kallo ba zai ji kunya ba. Ba a bar abin a fatar baki ba, an cusa shi cikin maki. A wasansu na 2012 an sa wata gada a tsakiyar fili, wadda idan na'ura ɗaya daga kowane ɓangare suka hau suka daidaita ta tare, dukan ɓangarorin biyu ke samun ƙarin maki a jadawali. A gasar FIRST LEGO League ta ƙananan yara kuwa, alƙalin tebur yana ba da maki kan halin da ƙungiya ta nuna a lokacin wasa. A VEX, doka ta farko a jerin dokokin gama-gari ita ce girmama kowa, ta biyu kuma ita ce aikin ya zama na ɗalibai ne, ba na manya ba. Akwai ma dalilin da ya shafi riba zalla: tunda ƙuri'a ke haɗa ƙawance a share fage, wanda aka fafata da shi da safe shi ne abokin tafiya da azahar, kuma idan an zo zagayen sili-ɗaya-ƙwale ƙungiyoyin da ke sama su ke zaɓar abokan ƙawancensu, ba kuwa mai zaɓar wanda ya karya masa na'ura.

Sai dai a nan na ga wani giɓi da cibiyar ba ta shirya masa ba, kuma ya shafe mu musamman. Yaranmu ba sa buƙatar dogon bayani kan karamci. Ba a ce da kowa ya ara wa wani batir ko sufana ba, da kansu suke yi, kuma sau biyu na ga yara sun bar abincin rana suna taya wata ƙungiya ɗaure taya. Matsalarsu ita ce sukan gauraya karamci da kara. A makonni biyun farko, ɗalibaina mata ba sa yarda su tare na'urar da wani babban yaro ke tuƙawa, wani ƙaramin ɗalibi kuma ya taɓa kauce wa yayansa hanya a tsakiyar wasa, da aka tambaye shi ya ce ai ba ya iya ture Yaya a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a fili zalunci ne ga abokin ƙawancen da ya dogara da kai, kuma rage wa wanda aka yi wa karar daraja ne, tunda nasarar da aka bar masa ba tasa ba ce. Darasin da aka shirya an ɗauko shi ne daga wuraren da damuwarsu ita ce yara masu wuce gona da iri, alhali rabin namu ja da baya suke yi. Sai da muka zauna da babban mai horarwa muka yi magana, sannan ya fara faɗa musu a fili cewa tare hanya cikin doka girmamawa ce ga abokin karawa. Yarinyar da aka soke wa wasa ranar rufewa tana cikin waɗanda da farko ba sa iya tare kowa, don haka ko laifin nata ban ɗauke shi asara ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafena na kayan aiki ne da tsari. Fili ɗaya ne ga ƙungiyoyi shida, kuma idan aka cire lokacin gyara da jiran layi, da wuya direba ya sami minti 20 na tuƙi a yini. Batura ba su da yawa, wuta kuma ba ta da tabbas, sau uku aka tsayar da atisaye ana jiran a tayar da janareta, a garin da rana ba ta yi wa kowa rowa ba kuma sola ta zama ruwan dare. An sa darasin yamma a daidai lokacin Islamiyya, abin da ya sa iyaye biyu daga wata makaranta suka janye ’ya’yansu a mako na biyu. Zangon tuƙa-kai bai sami kulawar da ta dace ba, kwana biyu kawai aka ba rubuta umarni, kuma a gasar gwajin sau biyu na'ura ta tsallaka layin tsakiya ta shiga yankin abokan hamayya, wanda hukuncinsa shi ne a miƙa musu tukuicin zangon. Mafi girma a wurina shi ne harshe. Littafin dokokin da Turanci yake, Turancin ma irin na lauyoyi, kuma ko da yake mai horarwar yana fassarawa da baki, babu ko shafi ɗaya a rubuce da Hausa da yaro zai tafi da shi gida ya sake dubawa.

Iyayen ’yan firamare su sani cewa wannan aji ba na ’ya’yansu ba ne, ko da cibiyar ta ce za ta karɓe su. A gasar VEX IQ ta ƙanana babu tsaro sam, domin na'urori biyu ne ke haɗa kai na sakan 60 suna tara maki ɗaya, har ma direbobi biyu na kowace ƙungiya su miƙa wa juna rimot a tsakiyar wasa. A FIRST LEGO League kuma wasan minti 2 da rabi ne, na'ura ke tuƙa kanta, kuma horon da ake buƙata na kame hannu ne, tunda ana farawa da alamomi 6 kuma duk sanda aka taɓa na'ura a wajen gidanta sai a ɗauke ɗaya, kuma yawan alamomin da suka rage ne ke nuna makin da za a samu a kansu. Wanda zai amfana da horon Ƙofar Ƙaura shi ne ɗalibin sakandare mai haƙurin karatu, kuma zai fi amfana idan makarantarsa ta turo su a ƙungiya tare da malamin da zai zauna, domin abin da aka koya a makonni huɗu zai bi iska idan babu mai ci gaba da shi bayan an koma aji.

Na sake yi wa huɗu daga cikin shidan rajista a zagayen hutun Disamba, bisa sharaɗi biyu da masu cibiyar suka amince da su: a matsar da darasin yamma zuwa safiya, kuma a fitar da dokokin tsaro da na maki a rubuce da Hausa kafin ranar farko. Aikin fassarar ɗalibaina ne suka karɓa, direbar nan ce ke jagoranta, kuma a makon jiya ta kawo mini shafin riƙo in duba. Ta sa dannewa ga na jikin bango, ritsawa ga na ƙuntataccen wuri, ɗagawa ga na uku, amma har yanzu suna gardama da abokan aikinta kan ko laifin da ya shafi sakamako za a kira shi mai sauya wasa ko mai juya nasara.